Dattin Kwamin Kifi: A Tace Shi Ko A Kai Shi Lambu?

Duk wanda ya bi titin Katsina ya nufi Bichi da Tsanyawa, ko ya ɗauki hanyar Daura ta Dambatta, zai lura da abu guda: babu daji. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, kuka da ɗorawa da gawo tsaitsaye a tsakiyar gero da dawa. Gonar gado kullum ƙara tsagewa take yi tsakanin magada, shi ya sa sana'ar da ba ta cin fili take da farin jini a wannan yanki. Kiwon tarwada na cikinsu. Kwami ɗaya na siminti ko na tamfol a bayan gida, 'ya'yan kifi ɗari biyar, buhunan abinci, bayan wata biyar ko shida a kira dillali.

A baki ke nan. A aikace kuwa, kafin wata na uku ruwan ya fara yauƙi da wari, kifin ya rage cin abinci, gashin bakinsa ya fara cinyewa, mai kiwo ya koma sayen fetur kullum don ya zubar da ruwa ya zuba wani. A daidai nan ne wani zai miƙo masa waya ya nuna masa bidiyo: akwatin gilashi a falon wani Bature, ruwa garau, kifaye masu launi suna kai da kawo tsakanin rassan murjani, a ƙarƙashin teburin kuma ga wata rufaffiyar tukunya mai bututu biyu tana tace ruwan dare da rana. Sai tambaya ta taso: in an sayi irin wannan tukunya, an huta da canjin ruwa?

Amsar tana hannun su masu akwatin murjanin. Sun shafe shekaru suna gardama a kan tukunyar nan, kuma akasarinsu sun ajiye ta gefe. Dalilin da ya sa suka ajiye ta ya shafi mai kwami a Kunchi ko Makoda fiye da yadda zai zata, ko da yake tsakaninsa da teku akwai fiye da kilomita 800.

Ita dai wannan tukunya, wadda masu sayar da ita ke kira kanista, aikinta ba wani siddabaru ba ne. Bututu ɗaya na zuƙo ruwa daga akwatin zuwa gindinta, ruwan ya ratso ta cikin soso mai manyan ƙofofi, sannan soso mai laushi, sannan wasu 'yan zobba na yumɓu, wani lokaci da gawayi na musamman, ƙaramin injin da ke cikin murfin ya tura shi ya koma ta ɗaya bututun. Kamfanin Eheim na Jamus ne ya yaɗa ta tun farkon shekarun 1960, kuma a akwatin kifin ado na ruwan daɗi har yau tana da daraja. Ba ta ƙara, ba ta cin wuta sosai, ga ta a ɓoye ba ta ɓata ado.

Ayyuka biyu take yi, kuma rikita su shi ne tushen yawancin asarar da ake tafkawa. Na farko shi ne kama dattin da ido ke gani, wato kashin kifi da ragowar abinci. Na biyu ya shafi dattin da ido ba ya gani. Kifi na fitar da amoniya ta waɗannan jajayen sassa na gefen kansa da yake numfashi da su, amoniya kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke manne wa jikin tsakuwa ko yumɓu ko roba, wasu su mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce domin tana hana jini ɗaukar oksijin, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wadda sai ta taru da yawa take cutarwa. Masanin nan Sergei Winogradsky ne ya fayyace aikin waɗannan ƙwayoyi a Zurich wajen 1890, kuma su ne dai ke aiki a cikin ƙasar gona idan an zuba taki. Ba sa yaɗuwa da sauri. Sabon mataci kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su cika shi, kuma ba sa aiki sai da oksijin mai yawa.

Abin lura shi ne, a duk cikin ayyukan nan biyu babu inda datti ya fita daga ruwa. Wanda soso ya kama yana nan cikin tukunya, ruwa na bi ta kansa sau da yawa a kowace awa, yana ruɓewa yana sakin ƙarin amoniya. Wanda bakteriya suka sarrafa kuma kama kawai ya sauya. Sai ranar da hannu ya buɗe murfi ya wanke soson ya zubar da ruwan wankin, ran nan ne datti ya fita.

A nan masu murjani suka yi karo da matsala. Murjanin da iyayenmu mata suka sani a wuya da hannu, wanda fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara daga Bahar Rum, ƙashin wata halitta ce mai rai. Danginsa masu gina tsaunuka a ƙarƙashin teku, irin waɗanda ke Bahar Maliya daura da Jidda, inda alhaji mai sha'awa zai iya ganin kifayensu a gidan kifi na Fakieh, dabbobi ne da ke zaune wuri guda, da wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya a cikin naman jikinsu wadda ke samar musu abinci daga hasken rana. Ruwan da suka saba da shi gishirinsa ya kai kusan giram 35 a lita, amma ta fuskar taki kusan wayam yake. Idan naitiret da fosfet suka taru a akwati, launin murjani ya dushe ya koma ruwan ƙasa, girmansa ya tsaya, gansakuka mai gashi ta rufe duwatsun. Rufaffen mataci kuwa gwani ne wajen samar da naitiret, ba shi da inda zai kai ta, ga shi buɗe shi aiki ne: a kashe inji, a toshe bututu, a ɗauko shi da nauyinsa, a yi fama da robar murfi. Abin da ke da wahalar buɗewa ba a cika buɗe shi ba. Mako ya zama wata, wata ya zama uku. Har laƙabi suka yi masa, wai masana'antar naitiret.

Tun a shekarun 1970 wasu masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka ɗauki wata hanya dabam, wadda har yau ake kiranta da sunan birnin. Suka cika akwati da dutsen teku mai ƙofofi, wanda a fatarsa bakteriya masu son oksijin ke aiki, a can cikin cikinsa kuma, inda iska ba ta kaiwa, wasu ƙwayoyin ke mayar da naitiret iskar naitirojin ta tashi ta bar ruwan. Suka haɗa da wata na'ura mai tayar da kumfa, wadda ke tattara datti ta tura shi cikin wani kofi a waje tun bai ruɓe ba. Na uku, suka sa ruwa ya riƙa motsi sosai. A yau mai akwatin lita 300 yakan sa 'yan injuna masu farfela a ciki su juya ruwan ninki 20 zuwa 40 na girman akwatin a kowace awa, alhali abin da rufaffen mataci ke turawa da wuya ya wuce ninki 5 zuwa 10, kuma yana raguwa kullum gwargwadon yadda soso ke toshewa.

Motsin nan ba don ado ba ne. Murjani ba ya tafiya neman abinci, ba ya kuma iya kauce wa dattinsa. In ruwan da ke manne da jikinsa bai gusa ba, a cikinsa zai shaƙe. Sannan motsi na hana datti kwanciya a lungunan dutse, ya riƙe shi yana yawo har ya isa inda za a cire shi. Masu amfani da kanista a akwatin murjani suna nan har yanzu, musamman masu ƙananan akwatuna, kuma wasunsu murjaninsu lafiya lau. Sai dai sharaɗinsu sananne ne: a wanke soso duk mako ba fashi, ko ma a cire shi gaba ɗaya a bar gawayi da maganin kama fosfet kaɗai, motsin ruwa kuma a bar wa farfela.

To, a dawo gida. Tarwada ba murjani ba ce, kusan kishiyarsa ce. Allah Ya hore mata wani sashe mai rassa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da shi, shi ya sa take rayuwa a taɓon kududdufi bayan karfasa ta daɗe da mutuwa. Wannan juriya ce ta sa Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan kifi, ita ce kuma ke yaudarar mai kiwo. Tunda kifin bai mutu ba, sai a ɗauka ruwan ba laifi. Amma kifin da ke ta tasowa sama yana haɗiyar iska, ƙarfin da ya kamata ya zama tsoka yake ƙonawa, abincin da aka sayo da tsada kuwa shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon.

Lissafi zai fi fito da abin fili. A ɗauki kwami mai mita uku a tsawo, uku a faɗi, ruwa mita ɗaya. Lita 9,000 ke nan, jarka 360 ta 'yan garuwa. A ce akwai tarwada 500 a ciki, kowace ta kai rabin kilo, ana ba su abinci kashi 2 cikin ɗari na nauyinsu, wato kilo 5 a rana. Abincin tarwada mai gina jiki kashi 40 zuwa 45, kowane kilo nasa na haifar da kusan giram 30 na naitirojin a kamar amoniya. Giram 150 ke nan kullum, wanda in aka raba shi cikin ruwan zai ba da wajen miligiram 17 a kowace lita. Na rana ɗaya fa.

Ba duka ne ke zama guba nan take ba, kuma a nan zafin Kano ke shigowa. Amoniya a ruwa kama biyu gare ta, mai sauƙi da mai kisa, rabonsu kuma ya danganta da zafi da ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH. A zafin digiri 30, idan pH na kan 7, mai kisan ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ya hau 8, ta haura kashi 7. Masu bincike a Holan sun ba da shawara a 2010 cewa kada ta wuce miligiram 0.34 a lita a ruwan tarwada. Kwamin nan namu, a pH 7 yana ƙasa da wannan iyaka, a pH 8 kuwa ya ninka ta fiye da sau uku. Shi ya sa sabon kwamin siminti da ba a jiƙa shi ya huce ba yake cin kifi, domin siminti na ɗaga pH. Shi ya sa kuma wanda ya jefa kanwa ko toka cikin ruwan da ya riga ya yi datti, wai don ya kashe wari, ya ƙara wa wuta fetur ne.

Yanzu a kawo tukunyar Bature a jona wa wannan kwami. An ƙera ta ne don akwatin da ake yayyafa wa abinci giram biyu ko uku a rana. A nan ana zuba kilo biyar. Kafin la'asar soson ya toshe. A ce ma bai toshe ba. Kowane giram na naitirojin da bakteriya za su sarrafa yana cin wajen giram huɗu da rabi na oksijin, giram 150 zai ci kusan 680. Ruwa lita 9,000 a zafin digiri 30, ko ya ƙoshi da iska iya ƙoshi, giram 68 kawai yake riƙewa. Ninki goma ake nema, kuma a cikin rufaffen abu babu ta inda iska za ta shiga.

Sai babbar magana, wuta. Ƙauyen da ke ganin wutar KEDCO awa huɗu a rana ya gode Allah, wasu ma turakun ne kawai babu waya. Da zarar inji ya tsaya, ruwan da ke kulle cikin tukunya ya ƙare da oksijin cikin 'yan sa'o'i, bakteriya masu amfani su fara mutuwa, dattin da ke ciki ya koma ruɓa irin ta kwata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Can cikin dare a kawo wuta, yara su yi ihu, inji ya tashi da kansa ya kwararo wannan baƙin ruwa cikin kwami. Wanda ya ce zai riƙe shi da janareta kuwa, tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 lissafinsa ya daina fita. Sola ta kawo sauƙi da rana, amma mataci mai rai ba ya barci da dare, batir kuma shi ne ɓangare mafi tsada.

Ba wai tsarin juya ruwa ɗaya ana tacewa ba ya aiki ga tarwada ba ne. Yana yi, har da ban mamaki. Masana a Jami'ar Wageningen ta Holan sun duƙufa a kan tarwadar Afirka tun ƙarshen shekarun 1970, kuma manoman can suna tara fiye da kilo 200 a mita ɗaya ta ruwa, suna canja ɗan kaɗan kullum. Daga baya fasahar ta shigo manyan gonakin Legas da Ibadan. Amma wanda ya ga matacinsu zai tarar ba rufaffe ba ne. Ruwa na fara shiga wani wuri ne inda datti ke kwantawa a zubar da shi kullum, sannan a ɗaga shi sama a yayyafa shi kan tulin roba mai ƙofofi, ya gangaro yana cakuɗuwa da iska. Darasin da masu murjani suka koya shi ne a nan ma: fitar da datti tun bai ruɓe ba, ba bakteriya iska, kada ruwa ya tsaya. Kuma duk da haka, tsarin na tsaye ne kan wutar da ba ta ɗaukewa.

Akwai wani bambanci da ya fi duk waɗannan nauyi. Mai akwatin murjani a Balin ko Landan ba shi da inda zai kai dattinsa. Ruwan da ya zubar ruwan gishiri ne, ba ya shayar da ko tukunyar fure, wanda zai zuba kuma sai ya tace ruwan famfo ya sayi gishiri na musamman ya dama. Dole ce ta sa shi ƙirƙiro na'urori. Manomin arewacin Kano kuwa naitirojin ɗin nan shi yake bi kasuwa yana nema da kuɗinsa. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, yana son sanin yadda ƙasar da ake nomawa kowace damina ba hutu take ci gaba da ciyar da jama'a masu yawa haka. Babban abin da ya tarar shi ne taki: na tumaki da awaki da ake ɗaurewa a gida, da toka da shara, da wanda jakuna ke ɗaukowa a mangala daga cikin birni bayan sun sauke itace. A wannan ƙasa ba a saba barin datti ya tafi a banza ba.

A sake duba lissafin ta wannan fuska. Kafin a fitar da tarwada kilo 500, za a ciyar da abinci wajen kilo 600. Naitirojin da zai narke a ruwa ya kai kusan kilo 18, ban da wanda ke cikin kashin da ya kwanta a ƙasa, wanda kuma shi ke ɗauke da yawancin fosfet. Buhun takin yuriya mai kilo 50 naitirojin ɗinsa kilo 23 ne. Wani ɓangare zai tashi a iska, wani ya zurare, amma dai abin da kwami ɗaya ke zubarwa a zango guda ya doshi buhun taki, ga kuma ruwan ban-ruwan a haɗe. Fangalin alayyafo da albasa da barkono, da layin zogale a gindin katanga, suna yin aikin da dutsen teku ke yi wa Bature, har su fi shi, tunda su ana kai su kasuwa. Wanda ya sayi na'ura don ta mayar masa da wannan naitirojin iska, alhali lambu na bayan katangarsa, ya biya kuɗi ne a ƙone masa taki.

Sai dai wannan shawara ba ta kowa da kowa ba ce, domin ruwan ba a ko'ina yake a wadace ba. Madatsun da aka gina a shekarun 1970, kamar Tomas a Dambatta, da Watari a Bagwai, da Gari, sun ba na kusa da su dama, amma wanda ke nesa da su rijiya ce ko burtsatse, kuma a mafi yawan yankin dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, ruwan na cikin tsagoginsa ne, ba yawa. Burtsatsen da ke cika tanki cikin awa ɗaya a Oktoba yakan koma tsiyaya a Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40, amoniya ta fi cizo. Ruwan Jakara kuwa, mai kwaso kwatocin birni da dattin masana'antun Bompai ta rafin Getsi ya tara a madatsar Wasai, ba ruwan da za a ɗebo a zuba wa kifin ci ba ne, kuma babu soso ko yumɓun da zai cire ƙarafa masu guba da ke narke a cikinsa.

Ga mai ƙarancin ruwa, matakin farko ba sayen na'ura ba ne, gyara yadda ruwa ke tafiya a kwamin ne. Yawancin kwamin da magina ke yi mai kusurwa huɗu ne, daɓensa a miƙe, mafitarsa a gefe, sai datti ya taru a kusurwoyi, mai shi ya zubar da kashi uku cikin huɗu na ruwa amma baƙin taɓon yana nan. Wanda ya taɓa juya shayi da cokali ya san ganyen a tsakiyar kofi yake taruwa. Haka kwami mai da'ira yake yi idan bututun shiga ya zuba ruwa ta gefe yana bin bango, daɓen ya ɗan gangara zuwa tsakiya, mafita kuma tana nan a tsakiyar. Buɗe ta na minti biyu bayan kifi sun ci abinci, safe da yamma, yana fitar da ruwa mai kauri baƙi ƙirin, jarka goma ko ashirin, wanda ya fi zubar da jarka ɗari biyu na ruwan sama-sama amfani. Mai kwami mai kusurwa ma zai iya cike kusurwoyin da siminti ya gangarar da daɓen.

Wanda ke son ya ƙara a kan haka, duro biyu na roba mai lita 200 sun ishe shi gwaji. Na farko fanko, ruwa ya shiga a hankali ya kewaya, datti ya kwanta, da kan famfo a gindi da za a buɗe kullum a tara a bokiti a kai fangali. Na biyu a huda masa ƙofofi, a cika shi da tsohuwar koma ko murafun robar lemo, ruwa ya zubo daga sama ta cikin faranti mai huji. Ko inji ya tsaya, abin da ke ciki yana cikin danshi da iska, bakteriya ba sa mutuwa da wuri. Ba a wanke shi da omo, ba a wanke shi da ruwan da aka sa wa kulorin. Ruwan kwamin ake ɗiba a ɗauraye shi sama-sama. Da yake aikin bakteriya na sa ruwa tsami a hankali, akan jefa ɗan buhun ɓawon katantanwar teku, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Ita kuwa na'urar kumfa da masu murjani ke alfahari da ita, kada kowa ya ɓata kuɗinsa: a ruwan gishiri ne kumfa ke yin ƙanana ya daɗe, a ruwan daɗi fashewa yake yi.

Inda tacewa da motsin ruwa suka zama wajibi ba zaɓi ba shi ne ɗakin ƙyanƙyasa. Ƙwan tarwada na fashewa cikin kwana ɗaya idan ruwa na da ɗumin digiri 28 zuwa 30, kuma 'ya'yan da suka fito ba su da wancan sashe na shaƙar iskar sarari sai bayan makonni. A wannan lokaci ba su fi murjani juriya ba. Ruwa ya riƙa shiga yana fita siriri ba tsayawa, ƙwan da bai fashe ba a zuƙe shi da ƙaramin tiyo kafin ya yi fari ya ruɓe, ruwan burtsatse kuma a fara watsa shi ya sha iska, domin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa kusan babu oksijin. A ɗaki irin wannan, mai ruwa kaɗan da abinci kaɗan, ƙaramin mataci na soso da injin hura iska mai aiki da batir suna biyan kuɗinsu. Abin dariya, nan ne ruwa mai gishiri irin na teku ke da aiki a sana'ar: ƙwan wasu ƙananan halittu da ake kira atemiya, wanda ake kwasowa daga wurare irin Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a Amurka a zuba a gwangwani, sai an sa shi cikin ruwa mai gishiri giram 25 zuwa 30 a lita, ana hura masa iska kwana ɗaya, kafin ya fashe ya zama abincin farko na jariran tarwada.

Hunturu na da nasa hukunci. A Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan tankin sama ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, tarwada ta daina ci. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa da ɗuminsa yake fitowa, kamar yadda duk mai alwalar asuba a bakin rijiya ya sani. Saboda haka a wannan lokaci zuba sabon ruwa kai tsaye da safe ya fi juya tsohon ta cikin duro mai ƙofofi, wanda iskar hunturu za ta ƙara sanyaya shi.

Kai ruwan kwami lambu ma da ƙa'idojinsa. Masu kiwo kan zuba gishiri idan kifi ya ji rauni ko bayan an tantance manya da ƙanana, kuma sukan sa maganin ƙwayoyin cuta a ruwa ko a abinci. Ruwan wannan mako ba na fangali ba ne. Gishiri na taruwa a ƙasar da ruwan samanta bai fi wata huɗu ba, albasa kuwa ba ta jure shi. Latas da sauran abin da ake ci ɗanye, a gindi ake ba su ruwan, ba a kan ganye ba, kuma a dakata kwanaki kafin a cire. Masara da rake da ayaba da bishiyoyi ba ruwansu da wannan ƙa'ida ta ƙarshe, su suka fi dacewa da taɓon mai kauri.

Matsalar da ta fi wuyar warwarewa ita ce damina. Daga Yuli zuwa Satumba ƙasa ta ƙoshi, lambu ba ya neman ruwa, kwami kuwa bai daina fitar da datti ba. A ƙauyen da katanga ke jingine da katanga, ruwan kifi mai wari da ya bi lungu ya kwanta a ƙofar maƙwabci yana tara sauro, ƙararsa gaban mai unguwa take ƙarewa, wani lokaci har wurin dagaci. Masu dabara kan haƙa rami a ƙarshen fili su kewaye shi da ayaba, taɓon ya kwanta ya bushe a kwashe shi da rani. Wasu kuma lokacin zuba kifin suke gyarawa: su zuba ƙanana a ƙarshen damina, lokacin da abincinsu bai taka kara ya karya ba, ta yadda watannin da kifi ya fi ci kuma ya fi ɓata ruwa za su faɗo daidai da noman rani, a kwashe kafin burtsatse ya fara ja da baya a Afrilu. Tsadar wannan tsari ita ce kifin zai ratsa hunturu yana tsakiyar girma, don haka sai an rufe kwamin da leda da dare, kuma zangon kan ƙaru da makonni.